Aikatau mai fita da aikatau mai komowa: sharhi a kan al'adar ma'aikata cikin ayyukan raya karkara a kwarin Gulbin Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama ya karanta rahotannin da ake rubutawa idan wani babban aikin raya karkara ya zo ƙarshe, ya san akwai babin da ba ya ɓacewa a cikinsu. Bayan an lissafa kuɗin da aka kashe da kayan da aka raba, sai a zo kan dalilan da suka hana a kai inda aka nufa: fari, faɗuwar farashi, sannan abin da ake kira da Faransanci « mentalité paysanne », wai halin baƙauye da al'adunsa. Babin da ba mu cika gani ba shi ne wanda ke bincikar halin ofishin da ya kawo fasahar. Alhali kuwa ofishi ma yana da al'ada. Yana da yadda ake gaisuwa a cikinsa, da wanda ake tsoro, da abin da ake ƙirgawa, da labarin da ba a kai wa shugaba.

Jean-Pierre Olivier de Sardan ya daɗe yana jawo hankali ga wannan, tun daga littafinsa « Anthropologie et développement » na 1995 har zuwa « La revanche des contextes » na 2021. A wannan ɗan nazari za mu ɗauki ra'ayinsa mu auna shi da abin da ya faru a kwarin Gulbi, tsakanin Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa. Mu ba masana aikin gona ba ne, aikinmu nazarin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi za mu shiga. Mai karatu ya lura cewa a rubutun boko kalmar « ma'aikata » tana da fuska biyu, tun da ba mu sa alamar karin sauti: akwai wurin da ake aiki, akwai mutanen da ke yin aikin. Mun bar ta haka da gangan, don duka biyun muke nufi.

1. Abin da aka kawo

Bayan farin 1973 da 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta dogara ga manyan ayyukan da ake kira « projets productivité », kusan kowace jaha da nata: 3M a Damagaram, wasu a Dosso, Tawa da Yamai. Na jahar Maraɗi, wato PDRM, da kuɗin Bankin Duniya aka kafa shi, ya fara aiki a 1977, kashi na biyu kuma ya biyo baya daga 1980 tare da hannun asusun FIDA. A bakin jama'a sunansa ɗaya ne, « furoje » ko « puroje ». Tun kafin ya miƙe ƙasa ta riga ta motsa a ƙarƙashinsa, domin gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke cewa a Gobir, wadda a kanta aka gina lissafin farko, cuta ta cinye ta a damanar 1975, kuma ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Fasahar da aka kawo ba wata mai wuyar ganewa ba ce: zaɓaɓɓen irin hatsi daga tashar bincike ta Tarna, garin maganin da ake cuɗa iri da shi, shuka a kan layi da tazara ƙayyadadda, rage tsiro a bar uku a gurbi, takin zamani, da noma da shanu. An ɗaure su dami guda, ba a son a kwance. Hanyar isar da su ita ce cibiyoyin horo, inda ake ɗaukar saurayi da matarsa su yi damana guda suna koyo, sannan su koma ƙauye da shanu da garma da amalanke, duka bashi. Ana sa ran maƙwabta za su gani su kwaikwaya.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. Manoma sun kwance damin. Maganin iri ya karɓu don yana da araha kuma amfaninsa a fili yake. Amalanke ta karɓu fiye da garma, don tana kawo kuɗi rani da damana. Shuka hatsi shi kaɗai ba tare da wake ba kuwa ba ta samu shiga ba. Saurayin da ya dawo da ilimi ya tarar gandu yana hannun mahaifinsa, shi gamana kawai gare shi, kuma ba a koya wa uba noma a gaban mutane. Bashi ya taru, asusun CNCA ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1980, aka kuma rushe hukumar UNCC wadda ke riƙe da kwaperatif tun 1962.

Abin tambaya a nan shi ne: shin ba wanda ya san haka za ta faru? An sani. Tun a 1972 Claude Raynaut ya buga nazarinsa a kan Sumarana, ƙauyen da ke cikin wannan kwari, inda ya nuna yadda gandu ke rarrabuwa da yadda kuɗi ke yawo tsakanin miji da mata da ƴaƴa. A 1975 Guy Nicolas ya fitar da babban littafinsa a kan wannan yanki. A ƙetaren iyaka, a Samaru ta Zariya, David Norman ya riga ya nuna da alƙaluma cewa gauraya shuka dabara ce ta rage hasara, ba jahilci ba. Ilimin yana nan. Ma'aikatar ce ba ta da ƙofar da zai shigo ta ciki.

2. Kalmomin ma'aikata

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne gonarmu.

Kalmar da ke tsakiyar wannan tsari da Faransanci ita ce « encadrement ». Tushenta « cadre » ne, katakon da ake kewaye hoto da shi. Babban ma'aikaci « cadre » ne, ƙaramin da ke zaune a ƙauye « encadreur » ne, manomi kuwa « encadré », wanda aka kewaye. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wannan, kuma rashin nan ma labari ne. Mai fassara yakan koma ga « horo ». To, horo a Hausa yana ɗauke da ma'ana biyu da ba su rabuwa, koyarwa da ladabtarwa. Ana horon doki, ana horon yaro mai ƙiriniya. Dattijon da ya shekara arba'in yana noma, in aka ce masa za a ba shi horo, ya ji duka ma'anonin biyu, ko mai maganar ya nufa ko bai nufa ba. Haka « sensibilisation » ta zama « wayar da kai », wadda ke ɗauka tun farko cewa kan yana cikin duhu.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ya wuce kalmomi ɗaiɗai, ya shafi ginin aikatau. A duba waɗannan jimloli, irin waɗanda kowa ya saba ji a rediyo da wurin taro:

(1) a. An wayar da kan manoma.
b. An horar da matasa.
c. An sanar da su ranar shuka.
d. An isar da saƙon hukuma.
e. An bayar da taki bashi.

A bakin Gobirawa za a ji « wayad da », « sanad da », amma ginin ɗaya ne. Dukansu suna cikin rukuni na 5 a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960. An daɗe ana ɗaukar wannan rukuni a matsayin na sa wani ya yi abu, har Paul Newman ya nuna a 1983 cewa asalin ma'anarsa ita ce aiki ya fita daga wurin mai yinsa ya nufi waje, kamar a « sayar da », « zubar da », « jefar da ». Kishiyarsa shi ne rukuni na 6, mai ƙarewa da -o, inda aiki ke komowa wajen mai magana:

(2) jiyo, gano, tambayo, ɗauko, kawo

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, furoje ma'aikata ce da aka gina a kan rukuni na 5. Umurni na fita daga Washinton ya sauka Yamai, daga Yamai ya sauka Maraɗi, daga nan ya bi gunduma har ya kai ga malamin gona da ke bisa babur. Ba a naɗa kowa don ya jiyo ba. Gaskiya ne akwai abin da ke hawa sama, wato rahoto, amma rahoton yana ƙirga abin da aka fitar ne: tan nawa na taki aka raba, matasa nawa aka horar, shanu nawa aka bayar. Takardar ba ta da gurbin da za a rubuta cewa maigida ya hana ɗansa gwada garma a gandu, ko cewa an sayar da sa guda an yi biki. Malamin gona ya san wannan sarai, domin a ƙauyen yake kwana, Hausa yake ji, watakila ma ɗan manomi ne. Amma ci gabansa yana hannun shugabansa, shugaban kuma ana auna shi da alƙaluman da ya aika sama. Wanda ya kawo labari marar daɗi shi ake tuhuma da kasawa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ba ya gyara wa babba magana a taro, wannan ladabi ne da gidan Bahaushe da ofishin Bafaranshe suka haɗu a kansa, kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa.

Ga kuma iyakar harshe. Duk abin da aka sani da Hausa a ƙasa sai ya zama Faransanci kafin ya hau, kuma a wurin juyawar nan ake zubar da mafi yawansa. Manomi ya bambanta jigawa da geza da fadama, ya san wace gona ce ta gaji, wace ce ke son taki, wace ce taki zai ƙone ta in ruwa ya yi ƙaranci. A takardar umurni kuwa ma'aunin taki guda ne ga hekta.

Abu na biyu da ke cikin misalan (1) shi ne wakilin suna « an ». Ofishi na son sa don ya yi daidai da salon rahoton Faransanci, inda ake cewa an gudanar, an aiwatar, ba a faɗin wanda ya yi. Ƙauye ma da shi yake mayar da magana: an kawo, an ce, an hana, an ɗauke. Idan inji ya mutu, wa za a je wa? Wanda ya kafa shi an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san alkawarin da aka yi ba. A kwatanta da tsarin da Emmanuel Grégoire ya bayyana a « Les Alhazai de Maradi » a 1986. A can ma akwai fasahar zamani, manyan motoci da ma'ajiyoyi da hulɗa da banki, akwai kuma sama da ƙasa, har ma fiye. Amma tsakanin ubangida da baransa kowane alkawari yana da suna. In mota ta lalace a hanyar Katsina, direba ya san wanda zai yi wa bayani, kuma Alhaji yana son ya ji gaskiya da wuri, don dukiyarsa ce ke tsaye a bakin hanya. Ba muna yabon wannan tsari ba ne, yana da nasa zalunci, bara na iya tsufa bai mallaki komi ba. Muna nuna cewa a gari guda, cikin mutane masu al'ada guda, injin Alhaji na tafiya yayin da na furoje ke tsaye, saboda haka ba a al'adar Bahaushe bambancin yake ba.

Abu na uku shi ne mahaɗin mallaka, -n da -r. Mun sha jin irin waɗannan a kwarin:

(3) injin furoje, shanun furoje, bashin gwamnati, itacen gwamnati
(4) gonata, rijiyarmu, amalanken wane

Abin da ya tsaya a jeri na (3) ba a gyara shi da kuɗin aljihu, ba a kuma jin kunyar ƙin biyansa kamar yadda ake jin kunyar bashin maƙwabci. Amalanke ta tsallaka daga (3) zuwa (4) cikin ƴan shekaru, masu walda na Maraɗi suka koyi ƙera ta, ta daina buƙatar ofishi. Kwaperatif kuwa ta daɗe ba ta tsallaka ba. Da ma a zamanin Kountché ita da samariya su ne ginshiƙai biyu na tsarin da aka kira « Société de développement », kuma kowane ƙauye a cikinta yake ko ya nema ko bai nema ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa an taɓa gwada wata hanya. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Guy Belloncle ke aiki da UNCC, an bar wa manoma kasuwannin gyaɗa su riƙa aunawa da rubuta lissafi da kansu, aka kuma haɗa wannan da yaƙi da jahilci cikin Hausa. Shi kansa PDRM daga baya ya buɗe sashen bincike, ya yi aiki da masanan jami'ar Bordo, abin da ya haifar da littafin Raynaut da abokansa na 1988, « Le développement rural de la région au village ». Littafin ya nuna cewa jahar ba ƙasa guda ba ce, kuma ko cikin ƙauye guda akwai mai gonaki da yawa da wanda ke ƙwadago don ya ci. Wannan rukuni na 6 ne na gaske. Amma ya zo a lokacin da kuɗin manyan furoje ke ƙafewa, kuma da Faransanci ya zo.

3. Jiratawa

Filin noman rani na Jiratawa, kudu da Maraɗi, yana cikin kashi na biyu na furoje. An buɗe shi a farkon shekarun 1980, faɗinsa a lokacin ya ɗan haura hekta 500, kuma yana ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA wadda aka kafa a 1978. Ba kamar filayen shinkafa na bakin kogin Kwara ba, nan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo ruwa: rijiyoyin burtsatse, kowace da famfo mai aiki da lantarki, da magudanan siminti, da rukunin manoma da ke raba ruwan rijiya guda bi da bi.

Ya kamata a tuna cewa ban ruwa ba baƙo ba ne a kwarin. Tun kafin zuwan Nasara mutanen Gulbi na da garake, suna noman taba da albasa da alkama da ruwan rijiya. Abin da ke sabo shi ne ɗaurin da injin ya yi musu. Mai garka shi kaɗai in ya yi lalaci kansa ya cuta. A Jiratawa kuwa takardar kuɗin lantarki ta kowa ce, in wasu suka ƙi biya aka yanke wuta, har shukar wanda ya biya ta bushe. Fasahar da kanta tana neman ƙungiyar da mutane suka yarda da lissafinta.

Ma'aikatar ta amsa wannan buƙata da irin abin da ta iya. Ta tsara abin da za a shuka da lokacin shuka: auduga da dawa da damana, alkama da rani. Auduga na da wani amfani ga ofishi wanda ba na gona ba ne, wato mai saye guda ne, saboda haka ana iya cire kuɗin da ake bin manomi kafin kuɗinsa su shiga hannunsa. Wannan kuɗi sunansa « redevance ». A nan ma harshe ya yi mana tarko. In aka juya shi kai tsaye aka ce « kuɗin ruwa », an faɗa kan kalmar da Hausa ke kiran riba da ita, abin da malamai ke wa'azi a kansa. In aka bar shi ba fassara, kunne na ajiye shi kusa da lanho, kuɗin da hukuma ke karɓa ba a tambayar inda suka tafi. Ko ɗaya daga cikin biyun bai faɗi gaskiyar abin ba, wato tarin kuɗin wuta da na gyara da na sayen sabon famfo ranar da tsohon ya mutu.

A watan Nuwamba na 1982 aka yi taron Damagaram, inda manyan ma'aikatan ƙasa da kansu suka soki manyan furoje, aka kuma yanke shawarar mayar da ragamar filaye ga kwaperatif. Shawara ce mai kyau, kuma ba kowace gwamnatin soja ke yarda a yi irin wannan suka a gabanta ba. Amma a lura da aikatau: an mayar da, an miƙa, an danƙa. Ƴancin ma daga sama ya sauko, a rukuni na 5. Yarjejeniya da takardun lissafi galibi da Faransanci suke, don haka wanda ya yi lakwal shi ke riƙe da littafi, wanda ke riƙe da littafi kuma shi ke riƙe da kwaperatif. Daga baya abubuwa suka ƙara tsananta ta inda ba wanda ya tsara: madatsar Jibiya da Najeriya ta gina wajen 1990 ta sauya yadda Gulbi ke malala, sannan karya darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai, har da kayan famfo.

Duk da haka filin bai mutu ba, ya haura shekara arba'in. Manoma sun raba gonakin tsakanin magada, sun ba da haya, sun jinginar, ko da yake a takarda ƙasar ta gwamnati ce. Sun kauce wa tsarin shuka na farko suka koma ga abin da kasuwar Maraɗi ke nema, musamman zogale, wanda ake yanka sau da yawa a shekara, yana kawo kuɗi kaɗan-kaɗan ba yankewa, mata kuma suna da babban hannu a cinikinsa. Har sunan Jiratawa ya zama ana haɗa shi da zogale.

A nan ne muka ɗan saɓa da Olivier de Sardan. A littafin 1995 ya ba irin wannan hali sunaye biyu, zaɓe da karkatarwa: jama'a na tsintar abin da suke so daga damin, su kuma juya shi ga wata manufa. A na 2021 ya kira abin ramuwar da mahalli ke yi a kan tsarin da aka ɗauko daga wata ƙasa. Bayanin daidai ne, kuma mun amfana ƙwarai da abin da ya kira « normes pratiques », wato ƙa'idodin da ma'aikata ke bi a aikace saɓanin waɗanda ke rubuce. Sai dai kalmomin biyu, karkatarwa da ramuwa, daga tagar ofishi suke kallo. Karkata sai da miƙaƙƙiyar hanya, kuma wa ya ce tsarin auduga da alkama shi ne miƙaƙƙen? Idan kuɗin zogale ne ke biyan wuta, to wanda ya shuka zogale shi ya riƙe famfon da rai. Ban da haka, mafi yawan misalan littafin na 2021 daga asibiti da rabon tallafi da ofisoshin gwamnati suke, inda mai karɓa ba ya da abin juyawa da yawa. Manomi yana da ƙasa da iri da kasuwa, yana iya gina wani abu daga tarkacen tsarin. Shi marubucin ya yi magana a kan harshen furoje da yadda ba ya shiga harshen jama'a, amma ya tsaya ga kalmomi, bai sauka ga nahawu ba, inda muke ganin shaidar ta fi ƙarfi.

4. Kututture

Misali na ƙarshe daga tudu yake, ba daga kwari ba. A shekarun 1970 da 1980 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itace: gandun renon tsiro, turare da dogon yaro, shinge, dajin ƙauye. Kaɗan ne suka rayu. A watan Mayu na 1984, a nan Maraɗi, aka yi babban taron ƙasa a kan yaƙi da hamada, aka ƙara ɗaukar alkawarin dashe. Dashe ya dace da al'adar ma'aikata, don ana sayen tsiro, ana ƙirga shi, ana ɗaukar hotonsa ranar biki.

A lokacin nan kuma dokar daji ta 1974 ta sa gawo da wasu itatuwa cikin waɗanda aka hana taɓawa, ma'aikatan daji masu kaki suna cin tarar wanda ya sare reshe ko da a gonarsa ne. Wani ofishin kuma yana koyar da a tumɓuke kututture don garma ta wuce. Manomi ya fahimci darasin: itace a gona fitina ce, gara a kashe shi tun yana toho.

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da ke cikin gonaki tohon kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In an zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, itace zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Kada a mayar da labarin tatsuniya. Da farko shi ma ta rukuni na 5 ya bi, domin a yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sun sare abin da suka bari. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce ɗungum, a ƙasar Damagaram manoma sun tayar da gawo ba tare da mishan ba. Abin da ya sauya shi ne, a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 hannun hukuma ya yi sanyi, kuɗi suka yi ƙaranci, taron ƙasa na 1991 ya rage tsoron kaki, manomi ya ga zai iya barin itace ya kuma ci amfaninsa. Daga nan abin ya bi daga gona zuwa gona. A wurare irin su Ɗan Saga ta Agye, ƙauye ya kafa kwamitinsa na tsaron itace.

Sunan da abin ya samu ma abin dubawa ne: « sassabin zamani ». Takin zamani kaya ne da ake kawowa a buhu. Sassabe kuwa aiki ne da kowane manomi ke yi da hannunsa kafin damana, tun kaka da kakanni. Ba a ce masa ya karɓi wani abu ba, an ce ya yi aikinsa ta wata fuska.

Sai a tsakiyar shekarun 2000, da Chris Reij da Gray Tappan da masana ƴan Nijar suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, aka gane girman abin: kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Shekara ashirin ke nan abu na faruwa a bakin hanyar da motocin furoje ke bi kullum, bai shiga rahoto ba, don ba a sayo shi ba, ba a raba shi ba, ba shi da gurbi a takarda.

Doka ta biyo baya a hankali. An sake dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da wata doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Da Faransanci aka rubuta ta, kuma kamar kullum wani ne zai tsaya a gaban makirufo ko a dandalin ƙauye ya juya ta. Yana da hanya biyu a gabansa, kuma duka biyun Hausa ce mai kyau:

(5) a. An ba ka izinin amfani da itacen.
b. Itacen naka ne.

Ta farko tana nan cikin jeri na (1) da na (3), da « an » ɗinta da mai bayarwa da ba a gani, kuma izini abu ne da ake iya janyewa. Ta biyu ta shiga jeri na (4). Muna ba ɗalibanmu da ke neman batun kundi shawara su ɗauki na'urar naɗar magana su je gidajen rediyon Maraɗi da Tsibiri, su kuma halarci babban taron kwaperatif a Jiratawa ranar da ake karanta lissafi, su rubuto mana wace jimla ake faɗa, da wane harshe ake karanta alƙaluma, da kuma wanda ke da bakin tambaya bayan an gama.